BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Shirin Ganawar Neman Aiki Ga 'Ya'yan Zango

A cikin damanar bara wani tsohon ɗalibinmu ya yi mana sallama a gida, nan Sokode, bayan sallar isha'i, yana riƙe da ambulan wadda ruwan sama ya jiƙa gefenta. Ko da muka dubi fuskarsa muka san ba a dace ba. Yaro ne mai ƙoƙari, yana da takardar BTS ta lissafin kuɗi, kuma wata ƙungiyar agaji ce ta kira shi Dapaong domin ganawa, watau abin da ake kira entretien da Faransanci, a kan aikin kula da sito. Mahaifiyarsa kuɗin adashinta ta kwasa ta yi masa kuɗin mota.

Muka ce, "To, yaya aka yi?"

Ya ce, "Malam, abin ya taru ya yi mini yawa." Da asubahin ranar ganawar ya tashi daga Sokode, bai isa ba sai da aka kira sunansa sau biyu. Da aka buɗe takardunsa sai aka ga sunan mahaifinsa a takardar haihuwa yana da H a farko, a takardar BEPC kuwa babu. Da aka ce ya gabatar da kansa, sai ya faɗi sunansa da na makarantarsa, ya sunkuyar da kai, ya yi shiru.

Wannan yaro yana jin Hausa da Kotokoli da Faransanci, yana jin Moba domin a Dapaong ya yi ƙuruciya, yana kuma taɓa Fulatanci. Shekara 6 yana riƙe wa kawunsa littafin shagon hatsi, buhu bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Muka tambaye shi ko ya faɗa musu wannan. Ya ce, "Ai ba su tambaya ba, Malam."

Mun yi koyarwa a Dapaong kafin a maido mu Sokode, kuma wannan ba shi ne karo na farko da muka ji irin labarin nan ba. Abin da muka lura da shi shi ne, yawancin 'ya'yanmu ba rashin ilmi ke kayar da su ba. Abu uku ne: takarda, da baki, da hanya. Dukansu kuwa ana iya gyara su tun daga gida.

Yadda zamani ya juya

Kakanninmu da suka biyo hanyar fataucin goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suka yada zango a Mango da Sokode da sauran garuruwan kan hanya, babu wanda ya taɓa tambayarsu takarda. A wancan tsari maigida ne ke ɗaukar yaro, shaidar yaro kuwa ita ce ubansa da malaminsa. In aka ce ɗan wane ne, magana ta ƙare. Har gobe haka ake ɗaukar yaron shago da yaron mota da mai koyon ɗinki a Zango, kuma ba mu raina wannan hanya ba, domin ita ta ciyar da mu.

Amma kasuwa ba ta iya ɗaukar kowa. Mu da muke 'yan lakwal a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, mun ga yadda jarin iyaye da yawa ya narke. Tun daga nan masu sa 'ya'yansu lakwal suka ƙaru, maza da mata. Da aka buɗe Jami'ar Kara a 2004 sai karatu mai zurfi ya matso kusa da mu, ba lalle sai an je Lome ba. Yau a Zangon Sokode da Didawure da Zangon Dapaong akwai gidaje da dama masu takardar BAC ko ta jami'a a cikin akwati, mai ita kuwa yana zaune ko yana tuƙa babur.

Ƙofofin aiki ba su da yawa, amma akwai su. Hukumar samar da aiki ta ƙasa, ANPE, tana da ofisoshi a manyan garuruwan jihohi, tana rajistar masu neman aiki, tana kuma koyar da dabarun nema. Hukumar 'yan sa-kai, ANVT, wadda aka kafa a 2014, tana tura matasa asibitoci da makarantu da ofisoshi, inda da yawa suka fara sanin aiki. Ga asusun ajiya da lamuni irin su COOPEC, ga kamfanin auduga NSCT mai injin gurza a Dapaong, ga kamfanonin waya. Bugu da ƙari, tun da fitinar 'yan bindiga ta taɓa jihar Savanes daga ƙarshen 2021, ƙungiyoyin agaji sun ƙaru a Dapaong. Duk waɗannan wurare ba su san ɗan wane ba. Takarda suke dubawa, sa'an nan su zaunar da mutum su ji ta bakinsa.

Takarda ita ce ganawa ta farko

Kafin kowa ya ga fuskarka, dosiyenka ya riga ya yi magana. A nan ne kuwa mu mutanen Zango muka fi kowa rauni, saboda haka a nan za mu daɗe.

Tushen kome ita ce takardar haihuwa. Dokar ƙasa ta ba iyaye kwana 45 su kai sanarwar haihuwa ma'aikatar magajin gari, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2022 gwamnati ta mai da wannan takarda kyauta. Mu kuwa mun saba sai an yi suna, an yanka rago, an watse, maganar takarda sai ranar da yaro zai yi jarrabawar CEPD. A lokacin sai an bi ta kotu an yi abin da ake kira jugement supplétif, a rubuta shekara da ƙiyasi, a rubuta suna yadda kunnen magatakarda ya ji.

Daga nan matsalar suna take farawa. Sunayenmu na Larabci ne da Hausa, masu rubuta su kuwa da ƙa'idar Faransanci suke rubutawa, kowa da yadda ya ga dama. Abubakar ɗaya zai zama Aboubakar a wata takarda, Aboubacar a wata, Boukari a ta uku. Yusufu ya zama Issifou ko Youssouf, Alhasan ya zama Alassani, Hadiza ta zama Adiza ko Adizatou. A Zango duk mutum ɗaya ne. A ofis kuwa harafi guda ya isa a ce mutum biyu ne. Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, tun ba a kira ka ko'ina ba, ka shimfiɗa takardunka duka a kan tabarma, ka bi su harafi harafi: sunanka, sunan mahaifi, sunan mahaifiya, rana da wata da shekara da garin haihuwa. In ka ga saɓani, kotu ce ke gyara takardar haihuwa, ofishin jarrabawa kuma shi ke duba ta makaranta. Abu ne mai cin watanni, ba a yinsa a daren tafiya. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa zai kankare maka ko ya rage maka shekaru. Wanda aka kama da takardar jabu, aikin ya tafi, ga kuma shari'a.

Ta biyu ita ce takardar shaidar zama ɗan ƙasa, certificat de nationalité. Ba a shiga gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati sai da ita, da ita kuma ake yin katin ɗan ƙasa da fasfo. Mun san zafin da ke cikin wannan magana. Mutum an haifi kakansa a Mango, an binne ubansa a Sokode, amma da an ji sunansa sai a ce, "Ku ai baƙi ne." Fushi ba ya maganin wannan, hujja ke maganinsa. Tsohon tsarin mulki na 1992 ya bayyana cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Togo ne, shi ma ɗan Togo ne. Abin da ke sauƙaƙa wa yaro shi ne a samu takardar uba ko ta uwa a haɗa da tasa. Domin haka muke roƙon dattawa: ko kun ga ku ba ku da bukatarta, ku nema saboda 'ya'ya da jikoki. Uba ɗaya in ya yi tasa, ya buɗe wa gida guda ƙofa. Wanda kuma asalinsa Nijar ne ko Nijeriya ko Gana, ya riƙe takardun ƙasarsa da na zama a tsare, ya nemi aikin da doka ta ba shi dama, kada ya ari sunan wani.

Ta uku ita ce takardar shaidar rashin laifi, casier judiciaire. Wannan wata 3 kawai take yi ta mutu, saboda haka ba a ajiye ta, sai an ga sanarwar aiki ake nema. Yanzu ana neman ta ta intanet a shafin ayyukan gwamnati, a biya ta waya.

Sauran su ne kofen takardun makaranta da aka buga wa hatimi, da hotuna, da wasiƙar neman aiki, da takardar tarihin karatu da aiki da ake kira CV. Kada ka je wurin mai kwamfuta ka ce ya cire sunan wani ya sa naka. Mun taɓa ganin CV ɗin yarinya da aka manta an bar "marié, père de deux enfants" a ciki. Ka rubuta naka da hannunka, ka kai wa malami ya duba, sa'an nan a buga. Shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. Lambar wayar da ka sa kuwa ta zama tana hannunka, da caji, domin sau ɗaya ko biyu ake kira a wuce ga na gaba.

Kunya da baki

An tarbiyyantar da mu a kan cewa yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya yabon kansa, ba ya tsawaita magana a gaban manya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kada Allah ya raba mu da ita. Sai dai mutanen da ke bayan tebur, sau da yawa ba su san ta ba. In ka sunkuyar da kai, su a wurinsu ko tsoro ne ko ɓoye wani abu. In ka amsa da kalma ɗaya, sai su rubuta cewa ba ka da abin faɗi. Minti 15 ko 20 suke da shi su san ka, ba su da wani kawunka da zai yi maka shaida. Kai ne mai nema, kai ne kuma shaidar kanka.

Faɗin abin da ka iya ba fahariya ba ne muddin gaskiya ne. Dillali in ya kai saniya kara ba ya yin shiru ya ce mai saye ya gane da kansa.

Kusan kowace ganawa da tambaya ɗaya take farawa: "Présentez-vous." Ka shirya amsar da ba ta wuce minti 2 ba: sunanka, abin da ka karanta, abin da ka taɓa yi da hannunka, da dalilin da ya sa wannan aiki ya dace da kai. A nan ne 'ya'yanmu ke zubar da dukiyarsu. Suna zaton aikin da ba na ofis ba, ba aiki ba ne. Wanda ya riƙe littafin shago ya san shigar kaya da fitarsu, ya san bin bashi ba tare da ɓata zumunci ba. Yarinyar da ta tara kuɗin adashin mata 30 shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta san rabin aikin asusun lamuni. Wanda ya raka shanu daga Sinkase zuwa Lome ya san takardun hanya da lissafin guzuri. Wanda ya koyar da yara a makarantar allo ya san riƙon aji. Ka faɗe su da adadi: buhu nawa, mutum nawa, shekara nawa. Adadi yana zama a kunnen mai sauraro fiye da "ina da ƙoƙari".

Sai harsuna. A lakwal Faransanci ake koyarwa, harsunan gida da aka zaɓa tun gyaran ilmi na 1975 kuwa Ewe ne da Kabiye, don haka yaronmu ya tashi yana ganin Hausarsa ba ta da daraja a takarda. Alhali a kasuwar Dapaong da ta Sinkase da ta Mango, da Hausa ake ciniki tsakanin mutanen da ba sa jin harshen juna. Asibiti ko ƙungiyar agaji ko asusun lamuni da ke hulɗa da 'yan kasuwa da makiyaya da waɗanda suka gudo daga ƙauyukan kan iyaka, suna bukatar mai jin Hausa da Moba da Fulatanci ko Mosanci. A Sokode da Tchamba da Bafilo kuma mai haɗa Kotokoli da Hausa yana da hannu biyu. Ka rubuta su a CV, ka kuma faɗe su da baki. Mai ɗan Ingilishi, ko na zuwa Gana ne ko Nijeriya, shi ma ya ambata, tun da Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022, amma kada ya ce ya iya fiye da yadda ya iya, domin nan take za a juya masa harshe.

Akwai tambayoyin da ba a rasa su: me ka sani game da mu, me ya sa kake son aikin, mene ne rauninka, za ka iya zama a ƙauye. Wanda zai je kamfanin auduga ya san lokacin shuka da na saye. Wanda zai je asusun lamuni ya san bambancin ajiya da rance, ya kuma yanke shawara tun daga gida ko zuciyarsa ta natsu da aikin da ke da ruwa a ciki, kada sai an ɗauke shi ya fara ja da baya. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba amma za ka koya. In kana da wata bukata, kamar ta fita sallar Juma'a, ka bari sai an zo ƙarshe an ce ko kana da tambaya, ka faɗe ta cikin ladabi. Kada ka zagi tsohon maigidanka, ko da ya cuce ka.

Duk wannan ba ya samuwa sai da gwaji. A makarantar horon malamai ba a barinmu mu shiga aji sai mun yi darasin gwaji a gaban 'yan'uwanmu, suna yi mana dariya, muna gyarawa. Haka za ka yi. Ka sami mutum biyu su zauna bayan tebur, ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka shigo, ka gaisa, ka jira a ce ka zauna, su yi ta jefo maka tambaya da Faransanci har harshenka ya saki. Sau uku ko huɗu ya isa ka ji bambanci.

Hanya da sutura

Daga Sokode zuwa Dapaong tafiya ce ta kusan kilomita 300, a bi ta Bafilo da Kara da Kante da Mango, ga hawan duwatsu, ga manyan motocin Burkina, ga shingayen bincike, musamman tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes a watan Yunin 2022. Wanda aka kira ƙarfe 8 ko 9 na safe, ya kwana a garin. Alhamdu lillahi, ɗan Zango ba ya rasa masauki a wani Zango. Da yamma ya je ya ga ƙofar ofishin da idonsa, da safe ya isa da rabin sa'a a hannu, da katinsa a aljihu, da takardun asali a cikin leda saboda ruwa, waya kuma a kashe.

Game da sutura, ba dole ne sai kwat ba. Riga da wando masu tsabta da guga, ko kaftani mara yawan aiki, da takalmi rufaffe, sun wadatar. 'Yan mata su yi shigarsu ta mutunci da ɗankwali ko hijabi madaidaici, fuska a buɗe, murya a sama yadda za a ji. Wadda ba ta musafaha da maza ta sa hannu a ƙirji ta gaisa da fara'a tun daga bakin ƙofa, ba sai an miƙo hannu ta bar shi a iska ba. A bar goro da cingam a gida, turare kuma kaɗan.

Albashi da 'yan damfara

In an zo maganar kuɗi kada ka ce "duk abin da kuka bayar". Ka sani cewa tun ranar 1 ga Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne a wata, watau jika 52 da rabi, bayan da ya daɗe a 35,000. Ka tambayi masu irin aikin nawa ake ba su, ka faɗi adadi mai ma'ana. Ka nemi a rubuta yarjejeniya, ka karanta kafin ka sa hannu, ka tambaya ko za a yi maka rajista a asusun CNSS, domin shi ne fanshonka na gobe.

Sa'an nan a yi hattara. Duk wanda ya kira ka ya ce an ɗauke ka, amma ka fara turo kuɗin dosiye ta Flooz ko wata hanyar waya zuwa lambarsa, ɓarawo ne. Haka wanda ya ce akwai aiki a Gana ko Abijan, ka zo da kuɗin rajista ka kuma kawo mutum biyu. Gidaje nawa aka sayar wa da fili a kan irin wannan! In kana shakka, ka ɗauki sanarwar ka kai ofishin ANPE ka tambaya.

Mun san masu cewa duk wahalar banza ce, aiki sai mai dogon hannu. Ba mu musa cewa ana yi ba. Amma mun ga waɗanda ba su da kowa sun samu, mun kuma ga wanda aka yi wa hanya ya je ya kasa buɗe baki. Wanda bai shirya ba ya sauƙaƙa wa mai son zuciya aikinsa, domin ya ba shi dalilin da zai fake da shi.

Abin da ya rage gare mu

Wannan nauyi ba na yara kaɗai ba ne. Muna kira ga sarakunan Zango da limamai su riƙa tunatarwa a wurin kowane suna cewa kwana 45 ne, kuma kyauta ne, a kuma rubuta sunan jariri a takarda a ba uban ya kai, domin a daina barin magatakarda yana ƙiyasi. Muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da ma'aikatan asibiti da na banki da suka fito daga Zango, a Sokode da Dapaong, su ware yammacin Asabar ɗaya a wata su zauna bayan tebur su yi wa ƙannensu gwaji. Aji ɗaya da benci biyu sun isa.

Shi kuwa ɗalibin namu, wata 5 ya yi yana zirga-zirga kafin a daidaita masa harafin nan guda. Mun zaunar da shi a aji bayan an tashi yara, mu da wani abokin aikinmu, muka yi ta tambayarsa har ya daina kallon ƙasa. Ganawa ta biyu bai samu ba. A ta uku, a wani asusun lamuni, da aka ce ya gabatar da kansa sai ya fara da littafin shagon kawunsa. Yanzu wata 4 ke nan yana bin 'yan kasuwa da babur yana karɓar ajiya, ya kuma mayar wa mahaifiyarsa kuɗin adashinta.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya sa mu ga 'ya'yanmu a inda muke fata. Amin.